Ranar da Alhaji Sabo Ya Bar Nama

Makon jiya wasu samari biyu suka same ni a shagon mamak, wato gidan shayi da abinci na ƙasan gidanmu a unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur, ina shan shayi, suka ce shawara suka zo nema. Wai za su fara kai ɗalibai hawan dutse, irin aikin da nake yi. Sun riga sun buɗe shafi a intanet, sun zaɓi suna, har tambari sun zana. Na tambaye su wane dutse suka taɓa hawa. Ɗayan ya ce, "Oga Isiyaku, ai mun je Broga twice. Easy lah. Mota ce kawai da group, sai hoto." Broga ɗin nan wani tudu ne a bayan gari da tsofaffi ke hawa kafin karin kumallo. Abin da ya hana ni dariya shayin da ke bakina ne. Na ce su ja kujera. Abin da na faɗa musu shi zan rubuta a nan, don na san ba su kaɗai ke ganin aikin nan yawon shaƙatawa ba ne.

Aikina na farko a dutse dako ne. Lokacin ina sayar da waya a unguwar Chow Kit, karatun da ya kawo ni Kuala Lumpur ya ƙare ban koma gida ba. Wani dattijo Bamale mai suna Pak Lan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a Sentul, ya zo sayen caja. Ya dubi kafaɗuna ya tambaye ni ko ina iya ɗaukar kaya. Shi sana'arsa bayan ritaya ita ce kai mutane duwatsu. Asabar ɗin nan na tsinci kaina a gindin dutsen Nuang da tukunyar gas da shinkafa a bayana, sanye da wandon jins da sabon kambas. Ruwa ya sauko tun ba mu yi nisa ba. Wandon ya sha ruwa ya yi nauyi kamar na ɗaura jiƙaƙƙen buhu, takalmin ya ci min dunduniya, matsattsaku suka shiga ta safa suka yi biki. Pak Lan yana ganin duk wannan. Da muka sauko ya tsaya a wani kanti ya saya min takalmin roba baƙi, irin na masu tatsar itacen roba, ya ce, "Mako mai zuwa wannan za ka sa. Boleh?" Na ce boleh, wato zan iya, ina ɗingishi.

Har yau irin takalmin nan nake sawa a duwatsun daji, kuma har yau ɗalibai suna kallon ƙafata suna ƙunshe dariya, su da nasu masu tsada. Ba ya riƙe ruwa, ba ya santsi a taɓo, in ya yage ba ka kuka. Sauran kayan aikin ba su da yawa: tocilan ta goshi, usur, igiya, rigar ruwa, doguwar safar da ake ɗaurewa a gwiwa saboda matsattsaku, da leda mai yawa, don duk abin da kake so ya kai sama a bushe sai ka naɗe shi. Ni na ƙara buta da ƙaramin tawul. Mutanenmu za su yi alwala da ruwan sanyi su zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa, kafin la'asar ƙafa ta yi bororo. Ina tsayawa a kansu da tawul kamar uwar da ke shirya yara makaranta, suna jin haushi, ban damu ba.

Na daɗe a hannun Pak Lan bai taɓa bari na shiga gaba ba. Kullum ni ne na ƙarshe a layi, a bayan wanda ya fi kowa nawa. Abin ya dame ni, na ɗauka raini ne. Sai daga baya na gane na gaba hanya kawai yake gani, na baya shi ke ganin mutane: wa ya fara jan ƙafa, wa ya daina magana, wa ke tsayawa ɗaure takalmin da bai kwance ba don ya saci hutu.

A masaukin kan dutse na koyi abin da ya fi komai amfani. Ɗakunan katako ne, da gadaje masu hawa biyu da ɗan wurin girki, wani wurin ma rumfa ce kawai da dabe. Dokokinsu ba a rubuce suke ba: takalmi a waje, kada ka shanya jiƙaƙƙen kayanka a gadon wani, sharar da ka kawo kai za ka sauko da ita, kuma in mutane sun kwanta ka rufe bakinka, wanda shi ne ya fi yi wa Bahaushe wuya. Pak Lan da kansa yake zuba abinci, kowa da farantinsa, kuma da kansa yake karɓar farantan ya wanke. Rannan na ce ya bari in wanke, ai ni ne yaro. Ya hana. Ya ce, "Kowa ka tambaya zai ce lafiyarsa ƙalau. Ni abin da ya bari a faranti nake dubawa." Wanda sanyi ya fara shiga jikinsa, ko gajiya ta wuce misali, ko tsayin dutse ya fara taɓa shi, abinci ne farkon abin da yake fita ransa, tun shi kansa bai san ba shi da lafiya ba.

Da na fara kai mutanenmu ni kaɗai, sai na ga dabarar Pak Lan ba ta isa ba, don mu namu ya fi na Malawa wuya. Bahaushe ko yana ganin duhu-duhu in ka ce yaya jiki, zai ce alhamdulillahi. Sannan ba ma cin abinci ɗaya ɗaya. Ka raba musu faranti, kafin ka juya sun juye a babban tire sun barbaɗa yaji sun zagaye shi. Tire zai tashi tas, amma ba ka san wa ya ci wa ya yi loma biyu ya janye hannu ba. Na kafa doka: a gari mu ci tare, a kan dutse kowa da nasa. An kira ni Bature, an kira ni marowaci, na ce na ji. Sai kuma matsala ta uku, wadda ita ce babba. Babban mutum a wurinmu ba ya cinye abinci. Dole ya rage wa na ƙasa da shi, wannan tarbiyya ce. To in dattijo ya turo faranti da saura, ta yaya za ka san kara ce ko ciwo?

Maganin da na samo shi ne, ba na kai mutum dutse sai na ci abinci da shi a gari. Nakan ce a haɗu a mamak a tattauna shirin tafiya, su suna tsammanin jawabi na zo yi, ni kuwa hannuwansu nake kallo. Wani mai sauri ne, wani mai tsince-tsince, wani ba ya taɓa kayan lambu, wani sai ya sha ruwa kafin ya fara. In na san yadda kake ci kana lafiya, zan gane ranar da ba ka da ita.

Tafiyar Alhaji Sabo ita ce babban aikin da na taɓa samu a lokacin. Alhaji Sabo ɗan kasuwa ne a Chow Kit, mai tura kaya gida. Duk ɗalibin Arewa da ya sauka garin nan ta shagonsa yake bi: shi zai nema maka ɗaki, ya nuna maka inda ake sayar da garin tuwo, in ka gama karatu shi zai tura maka akwatuna. Kalmarsa ɗaya tana cika maka mota, kalmarsa ɗaya tana watsa ta. Ya haura hamsin, mai jiki, mai fara'a, mai son a san da shi. 'Yarsa da aka haifa a nan ta hau dutsen Kinabalu da 'yan makarantarsu, ta dawo tana tsokanarsa da Turanci cewa shi ko matakalar gidansu ba ya iya hawa. Shi ke nan Alhaji ya sa a ransa. Ya tara ɗalibai masu digiri na uku, ya sanar a wurin wani suna gaban jama'a, har ya sa aka buga masa ƙyalle mai sunan shagonsa da zai ɗaga a ƙololuwa a ɗauke shi hoto.

Na ci abinci da shi kafin tafiya, ba sau ɗaya ba. Alhaji nama yake fara ci. Zai tsince shi tas, ya tauna ƙashi, sannan ya taɓa shinkafa kaɗan ya tura wa yara sauran. Ban taɓa ganin ya rage ko tsoka ɗaya ba. Na kuma sa shi atisaye, ya yi ba laifi, ya fi wasu samarin ma himma.

Kinabalu yana jihar Sabah, sai an hau jirgi daga nan. Dutse ne mai tsayin da iska ke ƙaranci a samansa, kuma ba a hawansa sai da jagora ɗan yankin. Ana tashi da safe daga ƙofar shiga, a wuni ana hawa, a kwana a masaukin da ke can sama kusa da inda itatuwa ke ƙarewa, washegari a ƙarasa. Alhaji ya hau da kyau. Ina bayansa duk hanya, yana zolayar samari, yana raba dabino. Can wajen ƙarshe surutun ya ragu, amma kowa nasa ya ragu. Muka isa masauki da sauran rana, hazo yana shigowa ta taga, sanyi yana cizon yatsu.

Na karɓo abinci na raba. Shinkafa ce da naman sa, na zaɓa wa Alhaji manyan yanka. Ya karɓa ya yi bisimilla, ya juya cokali, ya kai loma biyu na shinkafa. Sai ya tura farantin gaban Nura, ɗaya daga cikin ɗaliban, ya ce, "Ungo, ku samari ku ke buƙata." Nura ya ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji," ya ja faranti yana murna. Babu wanda ya ga wani abu, don abin da Alhaji ya saba yi ke nan. Ni kuwa naman nake kallo. Ko taɓa shi bai yi ba.

Na ce a tashi a haɗa azahar da la'asar, na tsaya a gefensa a sahu. Da muka yi sujada ya ɗago a hankali, ya runtse ido, ya dafe goshi kafin ya mayar da hannu cinya. Mai ciwon kai irin na tsayi, sunkuyawa ce ke tona shi. Bayan sallama na matsa na ce, "Alhaji, ina son ganinka a waje."

Muka zagaya bayan ɗakin, wurin tankin ruwa, inda ba mai ganinmu.

"Yaya kan, Alhaji?"

"Wane kai? Alhamdulillahi."

"Ranka ya daɗe, ka taka min katakon nan daga nan zuwa can, dunduniya tana taɓa yatsu."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Isiyaku, ni za ka sa wasan 'yan firamare?"

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Mu biyu ne kawai."

Ya yi tsaki ya hau. Taku kaɗan ya yi ya karkata, ya kai hannu ya kama tankin.

"Santsi ne," in ji shi.

"Katakon a bushe yake, Alhaji."

Na faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana. Tsayin dutsen ya taɓa shi. Ciwon kai kaɗai ana iya hutawa a gani, amma in aka kai ga tangaɗi, ba a ƙara taku ɗaya sama, ba a ma kwana a wurin. Mutum yana iya kwanciya yana cewa ba komai, gari ya waye ba a iya tashinsa. Maganinsa ɗaya ne, sauka, kuma yanzu, tun yana iya tafiya da ƙafarsa.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Ka san abin da kake faɗa? Duk Chow Kit sun san na taho. 'Yata tana jiran hoto. Saura ɗan wannan guntun ka ce in juya? I am okay, wallahi I am okay. Panadol kawai zan sha."

Na ce a'a.

Ya matso kusa ya rage murya. "Yaran nan duk ni na kawo maka su. Wallahi in ka sauke ni daga dutsen nan, ka gama cin abinci a garin nan."

Na san ba barazanar banza ba ce. Amma na riga na ga naman. Na ce, "Alhaji, hanya biyu ce. Ko in gaya wa jagora, ma'aikatan dutsen su tare ka gobe a shingen bincike na hanyar ƙololuwa, gaban yaran nan. Ko mu sauka yanzu ni da kai, in an tambaye ka ka ce ni na hana ka, kana da ƙarfinka, tsorona ne kawai. Duk inda ka faɗi haka ba zan ƙaryata ka ba."

Ya juya yana kallon hazo. Can ya ce, "Ɗauko min jakata."

Na shiga na sanar da samari cewa na yanke shawarar sauka da Alhaji, shi bai so ba, ni na dage. Aka yi ta gunaguni, wani ya ce, "Haba Oga, this one na over-sabi." Na damƙa su a hannun jagoran, wanda da ma dutsen gidansu ne, na ce Nura ya zama na ƙarshe a layi ya sa ido. Na sanar da masu kula da masaukin, suka kira ƙasa a san muna tafe. Na goya jakata a baya, ta Alhaji a gaba, na ba shi sandata. Duhu ya same mu a hanya, tocilan ta yi aikinta.

Ga abin da nake so masu sha'awar aikin nan su ji da kyau. Ciwon nan, kana sauka yana sakin mutum. Tun a rabin hanya takun Alhaji ya daidaita. Da safe a gindin dutse ya tashi garau, ya zauna ya cinye farantin nama ya nemi ƙari. Ya dube ni yana tauna, ya ce, "Ka gani? Mutumin da ka ce zai mutu ke nan." Ba ni da abin nuna masa. Da na bar shi ya hau wani abu ya faru, kowa zai san na yi kuskure. Da na hana shi, babu wanda zai taɓa sanin na yi daidai, har shi kansa. Haka aikin yake, kuma wanda ba zai iya haɗiye wannan ba gara ya nemi wata sana'ar.

Alhaji ya cika alkawarinsa, ni ma na cika nawa. Ya faɗa a shago, ya faɗa a masallaci, ya faɗa a wurin ɗaurin aure: Isiyaku matsoraci ne, zai kai ka bakin ƙololuwa ya juyo da kai. Ni kuma duk wanda ya tambaye ni sai in ce haka aka yi. Waya ta daina ƙara. Tafiyar da aka shirya ta hutun ƙarshen zango ta watse. Ana cikin haka naira ta faɗi, kuɗin tallafin ɗalibai ya riƙa makara, wanda ke neman na haya ina zai tuna da dutse? Shekarar nan na koma dako a wurin Pak Lan, ina bayan layin Malawa da tukunyar gas, ni da na riga na saba da a kira ni oga. Ranakun mako ina ɗaure kwalaye a wani shago a Chow Kit, layi ɗaya da na Alhaji. In ya wuce na gaishe shi, ya amsa da ka. Na sayar da tanti biyu da rabin igiyoyina, amma takalmin roba da farantaina ban rabu da su ba.

Ta inda ban zata ba aikin ya dawo. Wata rana wani malamin jami'a da ya zo ƙaro karatu ya kira ni, muryarsa kamar an tilasta shi. Ya ce abokansa sun shirya hawan dutse da wani, amma maiɗakinsa ta ce ba inda za shi sai in da ni ne. Bayan shi wani ya kira, shi ma haka. Ashe Hajiya, matar Alhaji Sabo, ita ma tana ba da nata labarin a wurin taron mata, kuma ba irin na mijinta ba ne. Ta san mijinta ba ya barin nama, Nura kuwa ya faɗa mata a hannun wa farantin ya ƙare. Ban taɓa magana da ita a kan wannan ba, ita ma ba ta taɓa aiko min da saƙo ba. Amma tun daga lokacin, yawancin mazan da nake kaiwa dutse da izinin gida suke zuwa, kuma matansu ne ke karɓar lambata.

Shi Alhaji bai sake komawa Kinabalu ba, gwiwa ta hana shi. Mun shirya a hankali, ba wanda ya ba wani haƙuri. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci nakan bi ta shagonsa, ya sa a kawo shayi, in akwai sababbin ɗalibai a zaune sai ya nuna ni ya ce, "Kun ga wannan? Shi ya hana ni kaiwa ƙololuwa. Da ya bar ni, da tuni hotona yana bangon nan." Sai su juyo suna kallona, suna jira in kare kaina.

Nakan ce, "Haka ne, Alhaji." Sai in zauna in sha shayina, ina jin muryarsa tana cika shagon, yana ba su labarin tun daga farko.